Shekarar da Na Nisanta wa Kofur Butarsa

Kun taso kuna jin ana ce mini "mai hana kaka ruwa". A gidan biki ake faɗa, a gidan suna ake faɗa, duk wanda ya faɗa kuma sai ya yi dariya ya dube ni, ni kuwa in yi murmushi in kawar da kai. Gwaggo Asabe ce ta laƙaba mini sunan, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta janye shi ba. Ban taɓa zama na ba ku labarin yadda aka yi ba, domin tun asali ni ba mai yawan magana ba ce. Yanzu kuwa akwai dalilin da ya sa dole ku ji shi daga wurina.

Kofur kakana ne, mahaifin Baba. Sunansa na yanka Muhammadu, amma duk Kazaure babu mai kiransa haka, sai Kofur, saboda igiya biyu da ya dawo da su a hannun riga daga yaƙin Bama. Lokacin da na fara wayo, dogon mutum ne mai kakkausar murya, wanda idan ya yi sallama a ƙofar gida har maƙwabta suke amsawa. Gonarsa tana gindin duwatsu ta hanyar Roni, kuma bai taɓa yarda ya hau jaki zuwa can ba. A ƙasa yake tafiya, ƙirji a gaba, fartanya a kafaɗa kamar bindiga. Yana da takalman soja baƙaƙe masu ƙusa a ƙasa, waɗanda ba ya sawa sai da salla, amma kowace Juma'a sai ya fito da su ya goge har su riƙa ƙyalli. Yana kuma da ciwon gwiwa, wanda ya ce a Bama ya samo shi, wajen hawan tsaunuka da kaya a ka, cikin ruwan saman da ba ya barin tufa ta bushe. Idan damina ta kama sai gwiwoyin su kumbura, in ya zo tashi ka ji suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Kakata Rabi ce take dafa ruwa ta gasa masa su da tsumma, ta shafa man kaɗe, tana yi tana masa faɗa, sannan ta miƙa masa fartanya ta ce ciyawa tana can tana cinye gona shi yana nan yana nishi. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya faɗar sunana, yake ce mini Uwani.

Ina elemantare Kaka ta rasu. Bayan an share makoki Kofur ya shiga ɗakinsa da ke jikin zaure, ya zauna a kan buzu, bai sake tashi ba. Da farko an ce gwiwa ce, kuma gaskiya ne, gwiwa ce. Amma ni da nake share ɗakin kullum da safe kafin in tafi makaranta, ina ganin wasu abubuwan da ba na gwiwa ba. Goron da ake ajiye masa yana bushewa a cikin ganye. Hularsa, wadda a da sai ya duba madubi yake kafa ta, tana zama a karkace tun safe har yamma. Ya kori wanzami. Tuwo yana komawa cikin gida an ɗan gutsiri gefe ɗaya kawai. Abokinsa Saje Manu, wani Bafulatanin Roni da suka yi yaƙi tare, yakan zo ran kasuwa ya yi ta sallama, Kofur ya juya fuska bango ya ce a ce barci yake. Ƙura ta rufe takalman. Ranar da hankalina ya fi tashi ita ce ranar da ya aika aka yanko masa farin yadi, ya sa aka naɗe aka ajiye a kan akwatinsa, inda idonsa zai riƙa kaiwa.

Mu kuwa a gida mun yi abin da muka san ana yi wa babba. Ba ma barinsa ya miƙa hannu. Ruwan sha yana gefensa, kaskon tofi yana gefensa, butar alwala da kwano suna daidai gwiwarsa. Idan ya yi motsi kamar zai tashi, sai a rugo a ce, "A'a, zauna, me za a kawo?" A zaune yake salla. Baba malamin ofishin En'e ne, mutum mai tsari, kuma ya tsara hidimar nan yadda ba za a ce ya gaza ba. Mutanen unguwa suna yabonsa, suna cewa kowa ya haifi ɗa ya roƙi Allah ya ba shi irin Malam Habu. Babu wanda ya lura cewa ƙafafun Kofur suna sirancewa kamar kara. Ni na lura, domin da tsintsiya nake zagaye su.

Wata rana Baba ya ɗauko Malam Sule, malamin asibitin En'e, ya zo a kan kekensa da 'yar jakarsa. Ya durƙusa ya gaida Kofur, ya taɓa gwiwoyin, ya gwada miƙar da ƙafar dama, ta ƙi miƙewa sosai. A ɗakin bai ce komai ba sai, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba Kofur." Ya ajiye ƙwayoyin asfirin a ƙunshe. Sai da suka fito gindin darbejiyar ƙofar gida sannan ya buɗe baki. Ni ina tsaye da kwanon ruwan da aka ce in kawo masa, kuma da yake mutane ba sa lura da ni, sai suka yi maganarsu kamar ba kowa.

"Malam Habu, ciwo biyu ne a jikin tsohon nan. Akwai sanyin ƙashi a gwiwa, akwai kuma baƙin ciki da ya danne masa zuciya. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ƙwayar nan ba ta warkar da gwiwa, zafin take ragewa na ɗan lokaci. To a cikin wannan ɗan lokacin sai ya motsa. Ya sha bayan ya ci abinci, ya ɗan jira, sannan ya miƙe ƙafa, ya tashi, ya taka. In ya ƙara wata daminar a zaune, gwiwoyin nan za su ƙage, ko ya so tashi daga baya ba zai iya ba."

"Malam Sule, me ya hana ka gaya masa da kanka?"

"Ni? Sa'an ubana? Ai kai ne ɗansa."

"Ni ne ɗan fari," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yau kuma in tsaya a kansa in ce tashi?"

Malam Sule ya karɓi ruwa ya sha, ya hau kekensa. Maganar ta tsaya nan.

Da yamma na gaya wa Inna abin da na ji, tana surfe. Ita suruka ce, ko muryarta ba ta yarda Kofur ya ji, balle ta shiga ɗakinsa. Ta ci gaba da daka, sannan ta tsaya ta gyara ɗaurin zane.

"A gidan nan kaf mutum ɗaya ne aka ba bakinsa izini a kan tsohon nan," ta ce, ba ta dube ni ba. "Shi ne kuma wanda ba ya magana."

Na gane. Jika tana wasa da kakanta, ta ce masa miji, ya ce mata amarya, ta tsokane shi yadda take so, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Duk 'yan matan unguwa suna yi da kakanninsu. Ni kaɗai ce ban taɓa yi ba. Ni da malamin ajinmu ya taɓa aikowa gida a tambaya ko ina ji sosai, saboda in ya kira sunana sai in sunkuyar da kai in yi ta kallon farcen ƙafata! Idan Kofur ya ce, "Ina amaryata?" a da, guduwa nake in ɓuya a bayan rumbu.

Abin da ya buɗe mini baki takalmi ne. Ina shara na ɗaga na hagu don in share ƙarƙashinsa, sai na ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Na karkata shi a tafin hannuna, sai ga ƙwayoyin Malam Sule, farare, duk wadda aka ba shi tana nan. Na dubi Kofur. Ya ba ni baya, yana kallon bango. Na ji wata murya ta fito, siririya, sai daga baya na gane tawa ce.

"Angona, ashe takalmin ne yake ciwon gwiwa?"

Ya juyo a hankali. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, sannan ya dube ni.

"Wa ya yi magana?"

"Amaryarka ce. Na ga shi ake ba magani. Ya samu sauƙi kuwa?"

"Ikon Allah! Ashe kina da baki? Ni na zaci bebiya aka kawo mini."

"Ni ma na zaci soja aka ba ni, ashe buzu ne."

Wani sauti ya fito ta hancinsa. Ba dariya ba ce cikakkiya, amma 'yar'uwarta ce, kuma rabon da a ji irinta a ɗakin nan tun kafin makoki. Wani daɗi ya kama ni wanda ban san irinsa ba. Na miƙa masa ƙwaya ɗaya. Ya ture hannuna.

"Ke, ba ki san komai ba. A Bama wata 'yar ƙwaya rawaya ake ba mu saboda zazzaɓi. Sai an yi layi, saje ya jefa maka a baki, ka kora da ruwa, ka wangale baki ya leƙa har ƙarƙashin harshe, kamar mai sayen akuya. Ranar da na cire kaki na yi wa kaina alkawari, babu mai sake sa ni haɗiyar ƙwaya sai saje mai igiya uku. Kina da igiya uku?"

Washegari na roƙi guntun alli a makaranta. Da na dawo na tsaya a bayan zaure na ja layi uku farare a damtsena, na ɗauki kwanon kunu, na shiga ba sallamar 'yan mata ba, na buga ƙafa a ƙasa yadda na ga ana yi a faretin makaranta.

"Kofur! Kunu, sannan ƙwaya!"

Ya dubi damtsena ya daɗe. Gemunsa ya fara rawa. Ya sha kunun, ya jefa ƙwayar, ya kora, sannan da kansa ya wangale baki ya ɗaga harshe. Na leƙa kuwa. Da na fito sai da na zagaya rumbu a guje, kaji suka watse, Inna ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Daga nan kullum da rawar jiki nake dawowa daga makaranta. Na gwada masa yadda Malam Sule ya ce a miƙe ƙafa a riƙe, ya ce wannan aikin mata ne. Na ce to a sa wa ƙafar takalmin soja ta yi nauyi, in ya isa. Ya ce ya isa har ya yi yawa. Haka yake zama a bakin akwati, takalmi a ƙafa ɗaya, yana ɗagawa yana cije leɓe, ni ina ba da umarni. In na yi faretin makaranta a gabansa sai ya dafe kai ya ce da a can ne da an ɗaure ni a gadirum, hannu da ƙafa ba sa tafiya tare kamar na raƙumi. Ya fara cin goro. Amma tashi tsaye ya ƙi. Kome na ce, sai ya ce gobe. Gizagizai kuwa sun fara haɗuwa ta gabas, kuma maganar Malam Sule a kan damina ba ta fita daga kaina ba.

Sai na lura da abu ɗaya. Duk abin da ya sake a rayuwarsa, bai saki alwala ba. Ana kiran salla hannunsa zai tafi kan buta ko bai duba ba. Ranar nan na ba shi ƙwaya bayan abincin rana, na jira har ladan ya fara kiran azahar, sannan na ɗauke butar na ajiye ta a bakin ƙofa. Hannunsa ya tafi inda ya saba, ya dafa ƙasa.

"Amarya, miƙo butar nan."

"Mijin da ba ya iya ɗauko butarsa, ni ba na zama da shi. Yaji zan yi."

"Ke, ba wasa nake ba. Lokaci yana tafiya."

"Ga ƙasa nan, ka yi taimama."

"Taimama? Ina kallon ruwa da idona? Ke wane malami ya koya miki addini?"

Ya ɗaga murya ya kira mutanen gida. Baba yana ofis. Inna ta ji, na sani ta ji, domin a daidai lokacin ta ƙara ƙarfin daka. Ya zage ni da Hausa, ya zage ni da wani yaren da ban sani ba. Na tsaya a jikin bango, hannuna a baya, hawaye suna cika mini ido. Sai ya dafa akwati. Ya dafa bango. Gwiwoyin suka yi ƙarar nan tasu. Ya miƙe! Na manta tsawonsa, sai da hularsa ta kusa taɓa azara. Ya ja ƙafa, ya sake ja, yana bin bango, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har ya kai hannu ya cafki butar kamar wanda ya kama ɓarawo. Ya tsaya yana haki, yana kallon waje ta ƙofa, inda rana take kan darbejiya.

"Itacen nan ya ƙara girma," ya ce.

Kullum sai in ƙara nisanta ta kaɗan. Daga bakin ƙofa zuwa cikin zaure, daga nan zuwa bakin dakali. Kullum sai ya zage ni, kullum sai ya je. Ba mu gaya wa kowa ba.

Ana haka Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo daga Babura duba mahaifinta, ba tare da ta aiko ba. Ku yi mata adalci, ku duba abin da idonta ya gani: tsohon da aka ce mata ba ya iya tashi yana tangaɗi a tsakiyar zaure, jiƙe da gumi, yana miƙa hannu wajen ruwa, ga kuma yarinya ta harɗe hannu tana cewa, "Lef, rai! Lef, rai!" Ta yar da ƙullin kayanta.

"Innalillahi! Baffa! Baffa, zauna! Ke, don ubanki, abin da ake koya muku a bokon ke nan? Ki hana kakanki ruwa?"

Ta rungume shi ta mai da shi kan buzu, ta kawo butar ta ajiye a gwiwarsa, tana kuka. Na jira ya yi magana. Bai yi ba. Ina jin kunya ce ta kama shi, 'yarsa ta gan shi yana rarrafen koyon tafiya kamar yaro. Ya juya fuska bango. Ni kuma bakin nan da ya buɗe sai ya sake rufewa, na kasa cewa ko kalma ɗaya.

Da Baba ya dawo, maganar ta riga ta zaga unguwa. Ya kira ni tsakar gida. Na san ya tuna abin da Malam Sule ya ce, na gani a idonsa, amma ga ƙanwarsa tana kuka, ga mutane suna cewa a gidan Malam Habu ana wulaƙanta tsoho.

"Uwani, da ba don sunan da yake kanki ba, da yau jikinki ya gaya miki. Kada in sake ganin ƙafarki a ɗakin nan. Ran kasuwa ki bi gwaggonki Babura, ta koya miki yadda ake zama da manya."

Kwanakin da suka biyo baya ta baya nake fita, ta baya nake shigowa. Gwaggo ce take hidimarsa, kuma ta yi da zuciya ɗaya. Ina ganin kwanon tuwo yana dawowa an gutsiri gefe ɗaya. Da dare aka yi ruwan farko, da safe ƙasa tana ƙamshi, kowa yana murna, ni ina tunanin gwiwoyin da za su ƙage.

Ran kasuwa da hantsi an ɗaure mini kayana a ɗankwali. Baba yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, Gwaggo tana neman mayafinta. Sai Inna ta ɗebi tsaba, ta tafi har jikin katangar da ta raba mu da ɗakin Kofur, inda ba ta taɓa ba kaji abinci ba, ta watsa, ta ɗaga muryar da ban san tana da ita ba.

"Ku ci ku ƙoshi! Daga yau babu mai watsa muku. Mai watsa muku za ta Babura. An ce ta yi wa mijinta laifi, shi kuwa mijin ko tari bai yi ba!"

Baba ya ɗago kai ya dube ta. Ta koma madafa kamar ba ita ba. Gwaggo ta samo mayafi, ta ce in ɗauki kaya. Na ɗora a kai. Sai muka ji wani sauti daga wajen zaure, ƙarfe a kan daɓe. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Shiru. Ni na fara ganewa, domin na san ƙusoshin nan ɗaya-ɗaya.

Ya ɓullo ta ƙofar shigifa, sandar gora a hannu, takalman soja a ƙafa, igiyoyinsu a kwance suna jan ƙasa domin bai iya sunkuyawa ya ɗaure ba. Hularsa a tsaye take cak. Rabonsa da cikin gida tun ranar da aka fitar da gawar Kaka. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa ɗaki, amma ina ganin idonta ta jikin asabari. Baba ya zabura ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baffa, za ka faɗi!" in ji Gwaggo.

"Asabe, wanne kika fi so, ki same ni a kwance tsaf, ko a tsaye ina gumi? Matsa."

Ya tako har tsakiyar gida, inda turmin Inna yake. Ba zai iya yi wa ɗan farinsa magana ba, ko a wannan ranar. Sai ya tsaya a gaban turmin, ya ƙame, ya dube shi kamar wani hafsa.

"A gaya wa malamin ofis, ba a raba soja da matarsa sai da izininsa. A gaya masa kuma, mai igiya uku ba a korarsa daga bariki don ya yi aikinsa. Ni na ce a ba ni wuya. Ban ce da baki ba, amma ni na ce."

Kafaɗun Baba suna girgiza. Bai ɗago ba. Shi ma turmin ya fuskanta.

"A gaya masa an ji. A gaya masa Allah ya ƙara lafiya."

Na sauke kayan, na ruga na durƙusa na ɗaure masa igiyoyin takalmi, ina kuka ina dariya. Ya ƙwanƙwashi kaina da yatsa.

"Saje, rana ta yi. Ina buta?"

Na tashi a guje na shiga ɗakinsa na ɗauko ta. Na dawo na tsaya a gabansa, kowa yana kallona, Gwaggo har ta miƙo hannu ta karɓa ta ba shi. Sai na juya na fita da ita, na ratsa zaure, na ajiye ta a waje, a gindin darbejiya, a idon duk mai wucewa. Daga can na jiyo muryarsa, irin ta da, wadda maƙwabta suke amsawa.

"Kun gani ko? Yarinyar nan ba ta da imani!"

Sannan, ƙwas. Ƙwas. Ya taho.

Gwaggo ta tafi Babura ita kaɗai, ba ta yi mini sallama ba. Ta yarda mahaifinta ya tashi, amma ba ta taɓa yarda cewa hanyar da aka bi daidai ce ba, kuma tsakanina da ita bai sake komawa kamar da ba. Wannan shi ne abin da na biya, da sunan da kuka sani. Baba bai ce mini komai ba, sai dai bayan kwana kaɗan na tarar da sabon alli a ƙunshe a kan tabarmata.

Kafin a yi girbi Kofur yana zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa. Saje Manu ya zo daga Roni, ya ga layin alli a damtsena, ya ce shi sai da ya sha ruwan harsashi aka ba shi uku, wata ta samu a aji. Ya dawo da wasu tsofaffin sojoji, masu ɗingishi da masu tari, suka riƙa haɗuwa da safe a ƙofar gidanmu suna takawa zuwa gindin duwatsu, suna gardama a kan wanda ya fi gudu ranar da aka yi musu kwanton ɓauna. Malam Sule yakan bi su a hankali a kan keke, yana tambayar wanda ya sha magani da wanda cikinsa yake zafi. Kada ku ce ya warke. Gwiwoyin sun ci gaba da kumbura duk damina, kuma akwai ranakun da baƙin cikin yake dawowa, ya ƙi magana. A irin ranakun ba na tsokanarsa, zama nake kusa da shi in yi shiru, abin da na fi iyawa, amma butar ba ta dawowa gefensa. Farin yadin nan ya koma cikin akwati, ya daɗe a can har ya yi ja, sai da aka wanke shi ranar da aka bukace shi, lokacin ina goyon babbanku.

To, ga dalilin. Tun da mahaifinku ya rasu, gwiwoyina kuma suka fara ƙarar da na sani, kun kewaye ni da alheri. Likita ya ba ni magani ya ce in riƙa takawa, a gabanku ya faɗa, kuka ce to. Amma ruwa yana gefena, carbi yana gefena, in na yi motsi sai a rugo a ce, "Hajiya, zauna, me za a kawo?" Jiya na ga goron da aka ajiye mini ya bushe a cikin ganye, kuma ban ma san lokacin da na daina ci ba. Na san ba za ku iya ce mini tashi ba, ni na yi muku tarbiyyar da ta hana. Saboda haka ku turo mini jikokina, musamman wanda ya fi kowa shiru. Gobe in an kira azahar, ina so in miƙa hannu in dafa ƙasa. Zan yi faɗa, zan kira sunayenku ɗaya-ɗaya. Kada wanda ya zo.